Albasar da Muka Dasa a Hanyar Ruwa

Da hantsi motar ta zubar da mu a bakin kogin, ni da Agali, ƙafafunmu a kumbure saboda zama a kan buhuna. Na ajiye jakata na tsaya ina kallon ruwan, har na manta da ciwon baya. Mu a ƙauyenmu na gefen Urafane ruwa abu ne da ake jawowa da bijimi da igiya daga rijiya mai zurfi, ko ya taru a tabki da damina ya ƙafe tun ba a gama ɗaure gero ba. Gulbin Kaba da muke taƙama da shi suna kawai ya rage masa, in ka je yashi za ka tarar da kaba. A nan kuwa ga ruwa yana ta wucewa, ba layin jarkoki, ba mai yi wa wani tsawa, kuma a ganina na ranar ba mai shi.

"Ruhe bakinka, Lawali," in ji Agali, "kar su gane ɗan ƙauye na kawo musu."

Agali Buzu ne na Gidan Amumune, ya ɗan girme ni, a kasuwar Urafane muka saba. Shi ya ja ni tafiyar nan. Rani biyu a jere yana zuwa ƙasar Nufawa a Najeriya noman albasa, yana komawa gida da abin da zai riƙe iyalinsa har kaka. Ni kuwa a shekarar tsutsa ta shiga zangarniyar gero ta bar mana kara. Abin da muka kai rumbu ba zai kai mu bazara ba, ga tsohuwata, ga Hadiza matata, ga yara. Kafin in taso na tsince zangarniyar da ta tsira, na ɗaure dami guda na iri, na rataye shi can saman rumbu. Na ce wa Hadiza kome ya yi zafi kada ta taɓa shi, saƙona zai iso kafin a kai ga haka. Abin da ya fitar da ni ke nan, in aiko da abinci kafin yunwa ta kai ga damin nan, don in aka ci shi ba ni da abin shukawa ran da ruwa ya sauka.

Na hanya ba zan ɓata bakina da yawa ba. A kowane shinge bakinmu ne yake tona mu. Da an tambaye ka ina za ka, ka ce za ka tahi kudu, sai a ce sauko. Na koyi yin shiru ina gyaɗa kai kamar kurma tun kafin mu wuce Funtuwa.

Masaukinmu gidan Alhaji Bawa ne, wani Bahaushe da ya daɗe a garin har ya zama shi ne mai saukar baƙi daga Nijar. Mutum ne mai fara'a da ƙamshin turare. Ran da muka isa ya kama hannuna da hannu biyu ya ce kakansa daga Tasawa ya zo, can wajenmu, saboda haka mu jininsa ne. Na tambaye shi wace unguwa, ya ce tsohon bai faɗa ba. Aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi, na ci har na ji kunyar kaina. A zaurensa na tarar da 'yan ƙasarmu kusan ashirin, na Mayahi, na Baudeta, da wasu na wajen Agye, duk albasa ta kawo su.

Yarjejeniyar ba ta da wuyar ganewa. A tsakiyar kogin akwai wani dogon tudun yashi mai laka a ƙarƙashi, ana ratsa ruwa iya gwiwa a kai shi. Alhaji ya ce mu dasa albasarmu a can, ba ya son ko ƙwaya ɗaya a ciki. Ladansa kawai safiyarmu. Daga asuba zuwa azahar muna gonar shinkafarsa da ke kan gaɓa, daga azahar zuwa faɗuwar rana muna tudunmu. Da inji ake shayar da shinkafar, irin wanda muke kira motopom, kuma kullum rani ya ƙara shiga ruwan kogin yana ja da baya yana guje wa bakin tiyo. Mu ne muke haƙa masa hanya muna bin sa. Na lura fuskar Alhaji tana ɗaurewa duk ran da hanyar ta ƙara tsawo, amma ban kawo kome a raina ba.

Tudun nan na so shi, ba zan ɓoye ba. Da hannu kake tona yashi, kafin ka kai gwiwar hannu ruwa ya taso. Ni da na girma ina jin kukan kwarkwaro a bakin rijiya tun duku-duku, sai ga ni ina haƙa rijiya da kwano. Muka ja fangali, muka ɗauko taki a ka daga mashekarin Fulani, muka dasa. Da albasar ta kama ta miƙe kore shar, nakan tsuguna a gefenta bayan la'asar in ji raina ya yi sanyi. Abin da ya dame ni sauro ne da shinkafa. Shinkafa safe, shinkafa rana, shinkafa dare. Akwai ran da na yi kewar fura har na zauna a gindin bukka ina haɗiyar yawu, babba da ni. Agali ya miƙo mini kofin shayi ya ce in sha in daina kunyata Nijar.

A nan na san Baba Ndagi, wani tsohon masunci Banufe da yake ɗaure kwale-kwalensa a ƙarshen tudun. Da ya ji bakina ya gane Katsinanci ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa. Daga ranar ban sake samun lafiya a wurinsa ba. "Bawana, ka kwana lafiya?" Ni kuma in ce masa ina ya taɓa ganin mai cin kifi ya mallaki mai cin gero. Da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya kawo mini wani ɗaci a gora da kifi mai zafi a ganye, ya tsaya a kaina har na shanye, yana cewa ba zai bar dukiyarsa ta mutu a banza ba.

Wata yamma ya nuna mini wata bishiya a bakin gaɓa. A rassanta, sama da kaina, akwai busasshiyar ciyawa da leda a sarƙafe.

"Bakatsine, wa ya rataya wannan?"

"Damina mana, Baba."

"Wani na damina ne, wani na dam ne. Kun dasa albasa a hanyar ruwa."

Dam shi ne abin da muke kira baraji. Yana can sama da garin, ban taɓa ganinsa ba, na dai san a nan ake yin wutar lantarki. Na ɗaga kai na dubi sama, ko ɗigon gajimare babu. Na yi dariya na ce ruwa ba hadari, ba iska, ba cida, a tsakiyar rani, sai dai a ƙasar Nufawa. Shi bai yi dariya ba. Ya ce shekarun da Agali ya ci riba wasu injinan barajin ne suka lalace, shi ya sa ake riƙe ruwa da rani. Yanzu an gyara su. Na kai wa Agali maganar, ya kaɗa hannu ya ce tsohon yana tsokanata ne, ai abokin wasana ne.

Albasa ta fara kai sai labari ya cika gari. Izinin da gwamnati ta ba kamfanin da ke riƙe da barajin ya kusa ƙarewa, suna neman a sabunta musu. Kafin a sabunta sai sun nuna duk injinansu suna aiki, kuma sai hukuma ta zauna da duk mai amfani da kogin ta ji ta bakinsa, a tsara yaushe za a riƙe ruwa, yaushe za a sake shi. Aka sa ranar taro. A nan hankalinmu ya tashi, don mun gane maganar Baba Ndagi ba wasa ba ce.

Muka taru a tudu muka yi shawara. Buƙatarmu ɗaya ce, kuma ba ta da yawa: a riƙe ruwan har wuyan albasa ya kwanta mu cire. Sai muka yi abin da iyayenmu suka koya mana. A wurinmu baƙo ba ya tashi a taron gari ya yi magana da bakinsa. Yana da mai masauki, shi yake ɗaukar maganarsa ya kai, in an ba da amsa shi yake dawo da ita. Wanda ya tsallake mai masaukinsa ya nuna ba shi da tarbiyya, kuma ya zubar da mutuncin gidan da ya ba shi tabarma. Muka sayi goro, manyanmu suka shiga gaba, muka durƙusa a gaban Alhaji Bawa muka damƙa masa maganarmu.

"Haba, wannan ai nawa ne," in ji shi. "Ku kwantar da hankalinku. Ku dai zo gaba ɗayanku ku zauna a bayana. In na nuna ku, ku miƙe tsaye, hukuma ta ga yawanku."

A filin makarantar garin aka yi taron, an kafa rumfa da lasifika. Wata Hajiya mai tabarau ce ta zo daga hukuma, tana zaune a tsakiya tana sauraro. Mutumin kamfani ya fara. Ya ce zafi na tafe, birane na kuka, asibitoci na kashe kuɗi a kan janareta, in ba a saki ruwa ya bi ta injina ba babu wuta. Sarkin masunta ya tashi ya ce su ma suna son ruwa ya hau don kifi ya shiga fadamu ya yi ƙwai, amma ba hawa da sauka kullum ba, wanda ke yayyaga musu koma ya bar kwale-kwale a kan yashi. Arɗo ya ce a bar kogin a ƙasa har shanu su ƙetare zuwa ciyawar da ke hayi, bara waccan ya rasa maruƙa a mashigi. Masu ɗibar yashi suka ce in ruwa ya hau aikinsu ya mutu. Waɗanda suka zo daga sama da barajin ma bakinsu bai zo ɗaya ba, wasu na son tafkin ya zauna a cike don kamun kifi, wasu na son a janye shi su shuka wake a lakar da ya bari. Duk wanda ya tashi sai in ji gaskiya gare shi, na bayansa ya faɗi akasin haka in ji shi ma gaskiya gare shi. Kogin da na ɗauka ba mai shi, ashe masu shi sun fi ƙarfinsa.

Da aka zo kan Alhaji Bawa, ya gyara babbar riga ya yi sallama da Hausa, sa'an nan ya juya harshe zuwa Turancin Ingilishi. A cikinmu akwai waɗanda suka yi lakwal, wato makarantar boko, amma Faransanci suka karanta, ba wanda ya tsinci kome. Ya yi ta magana yana nuna kogi, yana dafa ƙirji. Can sai ya juyo ya miƙa hannu wajenmu. Muka miƙe gaba ɗaya kamar yadda aka ce mana. Ni har ɗaga kafaɗa na yi don a gan ni da kyau. Aka tafa, Hajiya ta dube mu ta rubuta wani abu, muka zauna muna jin daɗi.

Ana watsewa Baba Ndagi ya jawo hannuna gefe. Ɗansa ya yi boko, shi ya fassara masa.

"Ka san a kan me kuka miƙe?"

"A kan albasarmu."

"Bai ambaci albasa ba. Ya ce manoman shinkafa na roƙon a saki ruwa da wuri, kafin zafi ya ƙone musu shuka. Ya ce ku ma'aikatansa ne, kun zo daga wata ƙasa kuna ci a gonarsa, in shinkafa ta mutu kun mutu." Sa'an nan ya ce, "Ni ma ruwa nake so, Bakatsine, ba zan ɓoye maka ba. Amma ni da bakina na nema, ban ari ƙafafun kowa ba."

Ban san lokacin da na kwasa da gudu ba. Na tarar da Hajiya ta sa ƙafa ɗaya a mota. Wani ɗan sanda ya tare ni, ta ce ya ƙyale ni. Na tsuguna na faɗa mata kome.

"Malam, me ya hana ka faɗi wannan a gaban taro?"

"Ranki shi daɗe, mu baƙi ne. Wurinmu baƙo ba shi magana gaban mai masaukinshi, shi ka kai maganar."

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce cikin kogi hanyar ruwa ce, a doka ba gonar kowa ba ce, kuma an rufe sauraro a gaban shaidu. Ta tambaye ni saura yaushe mu cire, na ce in an ba mu wata guda mun tsira.

"Ba zan yi maka ƙarya ba," in ji ta. "Ko da ka faɗa a taro, ban san ko za a riƙe kogi saboda albasarku ba. In na riƙe maka, shinkafar wani ta bushe, wani asibiti ya kwana a duhu. Amma da an ji ku, da aƙalla an auna ku da sauran. Abin da zan iya yanzu, zan sa a cikin sharuɗɗa kada a saki ruwa sai an aiko wa dagatai da kwana ɗaya a gaba."

Na yi mata godiya. Har yau ba na jin haushinta, ita kaɗai ce a cikin manyan da ta dube ni a ido ta faɗa mini abin da ba na so in ji.

Alhaji Bawa kuwa labari ya riga ni isa wurinsa. Na same shi a zaure yana jan carbi. Na ce masa, "Alhaji, amana muka ba ka." Bai ko ɗago ba.

"Ni na ce ku dasa? Wuri kuka nema na ba ku. Shekara biyu wasu suka ci, ban ji an zo an ce mini ga tukuici ba. Kuma ƙarya na yi? Ba a gonata kuke ci ba? Kai ne ma ka bi mace har mota kana kai ƙarata a garin da nake da mutunci. Abin da ake koya muku a Tasawa ke nan?"

Ranar muka kwashe tabarmunmu daga zaurensa muka koma bukkokin tudu. Wasu daga cikin 'yan ƙasarmu sun ga laifina, wai na tsallake mai masauki na jawo mana. Wannan ya fi maganar Alhaji ƙona mini rai. Tun daga ranar Agali ya daina tsokanata, in ya dafa shayi sai ya ajiye mini kofi ya kau da kai, shi da ya kawo ni.

A kwanakin na samu Hadiza a salular maƙwabcinmu Malam Idi. Bayan gaisuwa, ina jin kukan akuya a bayanta, ta ce:

"Maigida, hatsi ya kusa."

"Ki ƙara haƙuri, albasa ta hwara kai. Kaɗan ya rage."

"Inna ta bar cin na dare. Sai ta ce ta ƙoshi, a ba ɗiya."

Na ce mata kada dai ta taɓa na saman rumbu. Ta ce to. Na kashe salula na koma fangalina ina duban albasa kamar kallo zai sa ta girma. Muka daina zuwa gonar kowa, muka ƙara taki, muka rage ban ruwa don ta yi saurin ƙosawa. Kullum da safe sai na kafa kara a bakin ruwa in ga ko ya motsa.

Hajiya ta cika alkawari, an aiko wa dagaci. Dagaci kuma ya yi abin da ya dace a al'ada, saƙon baƙi ya aika wa mai masaukinsu. A zauren Alhaji Bawa saƙon ya kwana. Mu ba mu san kome ba sai da rana ta take, na hango Baba Ndagi yana tuƙo kwale-kwale da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Bakatsine! Ba ku ga duk an jawo jirage kan tudu ba? Tun jiya aka aiko! Ku cire abin da za ku iya!"

Muka faɗa wa albasa da hannu bibbiyu. Ba ta ƙosa ba, kanta bai wuce ƙwan zabo ba, wuyanta a tsaye cike da ruwa. Ina cirewa ina jin kamar haƙorina nake cirewa. Ruwan bai zo da ƙara ba, ni da nake jiran in ji ruri. 'Yan rijiyoyinmu ne suka fara cika daga ƙasa suna tumbatsa. Sai yashi ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafa, sai wani ruwa mai sanyi ya shigo fangali ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana ɗaga taki yana tafiya da shi. Sama fes, rana na dukan ƙeya. Baba Ndagi da wasu masunta biyu suka yi ta jigila, su kai buhu gaɓa su dawo. Mashigin da muke ratsawa iya gwiwa ya kai wuya kafin la'asar.

Agali ne ya ƙi fita. Ruwa ya kai masa ƙugu yana nutsa hannu yana laluben albasa a ƙasa, rawaninsa ya warware ruwa na jan sa. Buzun da ban taɓa ganin bakinsa a buɗe a gaban mutane ba, ga shi kai ba kome yana kuka. Da ƙyar muka cusa shi cikin kwale-kwale. Da muka kai gaɓa muka juya, tudun ya tafi, sai kan bukkoki.

Abin da muka tsira da shi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, shi ma ɗanye. Muka shanya a gaɓa. Albasar da ba ta ƙosa ba ba ta ajiyuwa, cikin 'yan kwanaki ta fara ruɓewa daga wuya, wari ya hana mutane bin hanyar. 'Yan kasuwa suka zo suka taya, tayin da in na faɗe shi zagi ne. Matar Baba Ndagi ta ara mini turmi, na daka ganyen na dunƙula gabu na shanya, don kada in koma gida hannu biyu. A kwanakin kifi ya yi yawa a garin, shinkafar Alhaji ta yi kore har tana sheƙi. Ya aiko wai duk mai so ya dawo aiki, ya yafe, lada kuma sai ran girbi. Agali ya koma, ya ce ba ya iya haɗa ido da mutanen Gidan Amumune haka. Ni girbin shinkafar ya yi mini nisa, sai bayan ruwa ya sauka a gida. Na yi dako a kasuwa har na haɗa na mota.

Ran da zan taso Baba Ndagi ya kawo mini busasshen kifi a kwali. Na ce ba zan karɓa ba, kifin ruwan da ya ci ni ne. Ya ce in karɓa ko ya tara mini jama'a ya ce bawansa ya gudu. Na karɓa. Ya raka ni har mota, bai sake yin wasa ba, ya ce in gaida tsohuwa.

A tashar Tasawa na sauka ana tsakar zafi. Sha'aibu, wani ɗan ƙauyenmu da ke sayar da ruwan sanyi a bakin tasha, ya hango ni ya taso da murna. Ya buɗe firjinsa ya ɗauko mini leda ɗaya da ƙanƙara a cikinta.

"Sha, mutumen Najeriya! Bana kuran ya zamna, wallahi ko ɗaukewa ba shi cika yi ba. An ce can wajenku sun gyara barajinsu. Allah shi yi musu albarka, mu dai mun ga amhwani."

Kuran shi ne wutar lantarki a bakinmu. Ban sani ba ko daga barajin da na sani take zuwa, wayoyin wuta ba su da shaida. Na riƙe ledar tana ƙona mini tafin hannu da sanyi. Na so in jefar, amma ƙishirwa nake ji, kuma Sha'aibu bai yi mini laifin kome ba. Na shanye na ce amin. Daga nan na hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu, inda ko turken wuta babu.

Yara suka rugo suka rungume ni, sun rame amma suna kan ƙafafunsu. Inna ta fito tana dafa bango. Hadiza ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo fura, furar da na yi wata da watanni ina mafarki. Kurɓa ɗaya na yi na ajiye ludayi, don na san geron. Na tashi na leƙa rumbu. Igiyar tana nan a rataye, damin irin babu.

Ta biyo ni ta tsaya a bayana. "Na jira, Maigida. Na jira har ran da Inna ta hwaɗi tsakar gida."

Na ce mata ta yi daidai, kuma har zuciyata na faɗa. Haushin da ke cina ba nata ba ne, kuma ba ni da wanda zan kai wa shi. Na zaga dangi neman iri, kowa ya nuna mini nasa ɗan ƙullin da ko gonarsa ba zai isa ba. Gabun da kifin muka ci da su. Malam Idi ne ya ce in taya shi shuka ni da Hadiza, in ya gama abin da ya ragu a ƙwarya nawa ne.

Ruwan farko ya sauka ran wata Laraba, mai yawa, irin wanda ake shuka a kansa ba shakka. Gari na wayewa kowa ya fita. Na ɗauki sungumi na shiga gonar Malam Idi ina sara, Hadiza na bina tana zuba irinsa tana rufewa da diddige. Gonarsa da tawa iyaka ɗaya ce, 'yar gezar da babana ya bari ce kawai a tsakani. Duk layin da muka kai ƙarshe sai mun tsaya a bakin tawa kafin mu juya. Tana nan a jiƙe, tana ƙamshi, ba sawun kowa a cikinta sai na tsuntsaye. Hadiza ba ta ɗaga kai ta dube ta ba ko sau ɗaya, ta dai riƙa leƙa ƙwaryar tana rage yawan abin da take zubawa a kowane rami.